Fentin Ruwa a Gambun Masallaci

Zuwa ga Kawu Mutari, mai filin shawara.

Assalamu alaikum. Kawu, don Allah ka taimake ni, ka karanta takardar nan har ƙarshe ko da rubutuna ya ba ka wahala. Shekara uku kawai na yi a lakwal, makarantar boko, sauran a ajin yaƙi da jahilci na tsinta. Mushen garinmu, wato malamin makaranta, ke ba ni jaridarku in ya gama da ita, nan nake ganin yadda kake raba ma mutane gardama. Garinmu na hanyar Badagishiri, in ka sauka kwalta ka yi gabas. Shekarata ashirin da shida. Sana'ata haɗa gambun ƙofa: in fasa tano, wato gangar ƙarfe, in daddake shi da guduma har ya miƙe, in buga shi a jikin katako. Wurin ubana na gada, Allah ya jiƙan shi.

Abin ya faru safiyar ruwan shuka na bana. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye kowa na neman sungumi da iri. Na fito da nawa a kafaɗa, rana ta ɗan ɗago, na bi ta gaban masallacin unguwarmu don nan ne hanyar gonarmu. Sai na hangi mace tsaye a ƙofar masallaci. Wallahi Kawu, da fari na ɗauka mutum ce. Kanta ba kallabi, kafaɗu a waje, tawul kawai ta ɗaura a ƙirji ya tsaya bisa gwiwa, kumfa a hannunta, tana dariya. Sai da na matsa na gane gambun da na haɗa da hannuna ne wata bakwai da sunka wuce. Koren fentin da na shafa mashi ya bi ruwa, ga shi nan kwance a ƙasa kamar an zubar da miyar kuka. Indararon da ke bisa ƙofar ne ya karye, ruwan soro duka a kan gambun ya sauka. Waɗanda sunka zo sallar asuba ba su ga komai ba don duhu.

Kuma ba ita kaɗai ke wurin ba. Alhaji Na'Allah, babban ɗan kasuwar garinmu mai kanti a Konni, na durƙushe gabanta. Ya naɗe hannun riga, yana kwasar laka yana shafawa a jikin gambun. Na ce a raina, madalla, dattijo na suturta wurin ibada, bari in aje sungumi in kama mashi. Da na iso sai na ga ba ƙirjinta yake rufewa ba, ba kafaɗunta ba, ba gwiwarta ba. Wani farin layi ne can ƙasa, ƙarƙashin ƙafarta, shi yake ta laftawa laka. Iya Gimbiya, tsohuwar da ke saida koko da ƙosai a gindin itacen bedin masallaci, ta ɗaga ludayinta ta ce, "Alhaji, ƙafarta kaɗai ke jin sanyi?" Alhaji ya miƙe. Ya wanke hannu a kwatamin ruwa, ya sauke hannun riga, ya wuce ta gabana ko gaisuwata bai amsa ba.

Ni na san abin da ke rubuce a farin layin nan, don ni na shafe shi da fenti. Sunan shi ne da sunan kantin shi.

Bari in koma baya ka ji yadda anka yi. Bara da kaka tsohon gambun masallaci ya ruɓe, awaki na shiga suna ɓata tabarmi. Tun da anka karya darajar kuɗin sefa tano ya yi wuyar samu. Alhaji ya ce a gaban jama'a shi zai ba da ƙarfe sadaka, ni in ba da aiki. Kowa ya yi mashi addu'a. Na bi shi Konni, ya zagaya da ni bayan kanti, ya nuna mani wani faifan ƙarfe mai tsawon mutum an jingina shi fuska ga bango. Allon tallar sabunin wanka ne, irin wanda ake kawowa daga Nijeriya. Masu sabunin sun kawo mashi sabo wanda ya fi girma, ya sauke wanga. Na juya shi, na ga abin da ke jiki. Na ce Baba Alhaji, wannan ga masallaci? Ya ce ƙarfe ne, ƙarfe ba ya da laifi, ka shafe ta.

Na kawo shi gida a rufe. Kwana biyu ina kankara da wuƙa, ina gurza da yashi, ko gezau. Ba fenti ba ne irin namu, irin na langar mata ne da ake gasawa da wuta, santsi gare shi kamar madubi. Na koma na ce ma Alhaji sai fentin mai, shi kaɗai zai kama wanga ƙarfe. Ya sa anka ɗauko mani ragowar fentin ruwa da anka shafa ma zauren shi. Na ce Baba Alhaji, wannan na bango ne, in ruwa ya same shi a jikin ƙarfe zai sauka. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan Ayuba, yaushe ka zama injiniya?" Abokin ubana ne, tare sunka yi ƙuruciya. Na ɗauki gwangwanin fentin.

Sai da na shafa har sau uku, kowane ya bushe kafin in ƙara. Na kuma yi tunani kafin in kafa shi. In na juya fuskar ciki, to tana ɗaki ɗaya da masu salla ko da ba a ganin ta. In na juya ta waje, tana waje. Na zaɓi waje. Yau ana cewa don mutane su gani na yi haka. Da na sa ta ciki da yanzu me za a ce?

Ga kuma abin da ya fi tada mutane. Mariƙin gambun, wanda ake kamawa a buɗe, ya faɗa daidai ƙugunta. A gefen shi kuma masu sabunin sun rubuta da Hausa, manyan baƙaƙe ja: TAƁA KA JI LAUSHI. Wata bakwai ke nan dattawan unguwa na kama wurin da alwalarsu sau biyar a yini. Kawu, ka je ka auna kowane gambu a ƙasar nan, daga Konni har Illela. Mariƙi inda hannun mutum ke kaiwa ake sa shi. Lokacin da na buga shi kore nake gani, ban ga ƙugun kowa ba. Amma yanzu samarin tasha in na wuce sai su ce ga Taɓa-ka-ji nan. Har matan da ke zuwa rijiya sun iya sunan.

Safiyar nan ban yi shuka ba. Liman Ƙasimu, limamin unguwarmu, tsoho ne idon shi ya yi rauni, anka gaya mashi, ya aiko a cire. Ni na cire, tunda ni ke da kayan aiki. Na lulluɓe shi da tabarma, Mati mai amalanke ya kai mani shi rumfata, na jingina shi fuska ga bango kamar yadda na same shi.

Kwana uku bayan nan, da anka gama shuka, mai gari ya tara mutane a ƙofar gidan shi. Na zauna a ƙasa ina jiran Alhaji ya ce ni na ba shi, kuskure ne, a yi haƙuri. Da ya faɗi haka da magana ta ƙare kafin shayi ya huce. Sai ya miƙe ya gyara rawani ya ce shi tano ya ba ni, sabo fil, inda na kai shi da inda na samo wagga ƙazanta sai a tambaye ni. Ya ce yaran zamani ba a san abin da ke cikinsu ba. Ka ga ke nan na tashi daga mai ganganci na koma ɓarawon tanon masallaci, mai yi ma ɗakin Allah izgili.

Abin da na iya cewa kawai shi ne Baba Alhaji ya san gaskiya. Wuri ya ɗauki hayaniya, wai ina ƙaryata dattijo. Inna, mahaifiyata, ta riga ta ja mani kunne tun a gida kada in yi sa-in-sa da sa'an ubana a bainar jama'a, na kuwa riƙe mata. Liman kuwa carbi kawai yake ja.

Hukuncin da mai gari ya yanke shi ne: yanzu kowa na gona, a bari sai an gama maimai, noma na biyu. Juma'ar da ta biyo baya, bayan La'asar, in tsaya a ƙofar masallacin in ce na ci amanar tano, na yi izgili, na tuba. In na ƙi, in kwashe rumfata daga filin kasuwar gari, kuma kada wanda ya sake ba ni aiki. Rumfar nan ubana ya kafa ta. Ginshiƙinta na gabas har yanzu da shaidar inda yake wasa wuƙa.

Inna na kuka, ta ce in je in faɗa, baki ne kawai, Allah ya san zuciya. Ta daina zuwa rijiyar unguwa, sai ta bayan gari take zuwa mai nisa. Na ce mata Inna, ni mai haƙuri ne, kin sani. Mutum zai sa ni aiki ya sauya magana sau uku, in sake mashi ban ce uffan ba. Amma ba ni tsayawa a ƙofar da ubana ya yi shekara ashirin yana shiga sahun gaba in ce ni ɓarawo ne. Ban ɗauka ba. Ba ni faɗi.

Ga abin da ke ci mani rai, Kawu, kuma shi nake so ka amsa mani tunda kai ka yi karatu. Matar nan ba ni na zana ta ba. Yanzu haka tana Konni bisa kantin Alhaji, kusa da tasha, ta ninka wagga girma, sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka ga fuskarta. Kanti nawa ne a Konni ke da ita, ban ƙirga ba. Duk wanda ya zauna a taron nan ya yi mani tsawa, ƙarƙashinta yake tsayawa ya jira mota ran kasuwa. Na sha ganin su. Wasu su duƙar da kai, wasu su yi kamar hadari suke dubawa. Ban taɓa jin wanda ya ce ma Alhaji ya sauke ta ba. Tana jikin takardar sabunin da matansu ke saye, a yage a yar a tsakar gida, kaji na tonon ta.

Har a zauren mai gari tana nan. Ranar taron, da anka shigar da ni in jira, na ga almanakar da Alhaji ke rabawa duk shekara rataye a bango. An naɗe rabin sama an danne da ƙusa don kada a ga hoton, kwanakin wata kawai anka bari. Amma naɗin bai kai ba, ƙafafunta biyu na leƙowa bisa kwanakin. Na gane su, don na yi kwana biyu ina gurzar su da yashi.

To ina iyakar take? A bakin kwalta ba laifi. A takardar sabuni ba laifi. A zauren mai gari rabin laifi, ƙusa ɗaya ta gyara. Sai da ta zo hannun talaka mai guduma sannan ta zama zunubin da za a kori mutum daga gari? Ni ban ce ta dace da masallaci ba. Ni na fara cewa ba ta dace ba, a bayan kanti, ba wanda ya ji sai shi. Ni kaɗai a garin nan na zauna na yi wahalar rufe ta har sau uku. Wanda ya ɗaga ta sama don a zo a sayi kayan shi, shi ne yau mai kishin addini. Kuma ka lura da wani abu: sunan shi da ke farin layin nan, da fentin mai ya sa anka rubuta. Ruwan bai taɓa ko baƙi ɗaya ba. Ya san bambancin fentin biyu sarai.

Sau biyu yana aiko mani in ba da gambun, wai zai kai a narke shi don kada ya ƙara ɓata tarbiyyar gari. Na ce a gaya ma Baba Alhaji ina gaishe shi, gambu na nan lafiya. Lakar da ya shafa ta bushe a jiki, ban taɓa ta ba, har shatin yatsun shi huɗu na nan.

Abin da na ƙudura shi ne, ran kasuwar Badagishiri ta ƙarshe kafin wa'adin, zan ɗora shi a amalanke, in tsayar da shi a bakin kasuwa inda mutanen garinmu ke sauka, in zuba mashi bokitin ruwa, in cire tabarmar. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. In za a kore ni, a kore ni bayan kowa ya gani. Ba izini nake nema ba, Kawu, na gaji da neman izini. Amma in kana da hanyar da ta fi wagga, wadda ba ta bi ta kan in yi ma kaina ƙarya ba, ina saurare.

Kuma ka buga sunayen nan kamar yadda na rubuta su, don ba ni kaɗai na ga Alhaji durƙushe yana shafa laka ba. Iya Gimbiya ta gani, ita ta yi mashi magana. Mati mai amalanke ya gani, yana ɗaure jakin shi a gindin bedi, har ya juya baya yana dariya. Ladan Ɗahiru ma ya gani. Yana cikin masallaci yana naɗe tabarmin da sunka jiƙe, ya leƙo ta taga, munka haɗa ido da shi, ya mayar da kai ciki.

Ni ne naka,
Mai Gambu, daga hanyar Badagishiri.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana Mai Gambu.

Rubutunka bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Na yi dariya a wurin Iya mai koko, daga nan ban sake ba. Sai dai ka yi haƙuri, duk sunayen da ka aiko na sauya su da wasu kafin a buga. Filin nan ba kotu ba ne, kuma ɓangare ɗaya na ji. A kan abin da ka faɗa zan ba ka shawara.

Kada ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce ka saci abin da ba ka sata ba. A nan ina bayanka. Mahaifiyarka tsoro ne ya sa ta ce baki ne kawai, kuma tsoronta na da dalili, amma maganar da aka faɗa a gaban jama'a ba ta gogewa. Shekara ashirin nan gaba, duk wanda ƙarfensa ya ɓata a garin, kai za a fara tunawa.

Amma kai ma ba fari tas ka fito ba, kuma takardarka ce ta nuna haka. Wanda ya shafa fenti sau uku ya san abin da yake tsoro. Ka san hoton da ke ƙasa, ka san fentin ba zai jure ruwa ba, ka faɗa da bakinka. Duk da haka ka ɗauka ka kafa a ƙofar masallaci, ka tafi kana fatan kada asiri ya tonu. Alhaji ka gaya wa, alhali masallacin ba nasa ba ne. Liman yana nan kusa da kai wata bakwai, ba ka je ka ce masa Malam, ga abin da aka ba ni, me ka gani ba. Kunyar abokin mahaifinka ta hana ka, na gane. Amma a sana'arka kai ne masani, ba shi ba. Ranar da ya yi maka dariya ya kamata ka ajiye gwangwanin.

Maganar kasuwa kuwa, ka bar ta. Ka tuna yadda abin ya same ka kai kanka: macen ka fara hanga daga nesa, sai da ka matsa ka ga mutumin da ke durƙushe. Haka mutanen kasuwa za su yi. Ɗari za su taru a kan hoton, biyu za su duƙa su karanta layin ƙasa. Masu sabulun ba su taɓa samun mai talla irinka ba, kuma kyauta. Sannan abin da ake zarginka da shi, wato baje tsiraici a gaban jama'a da gangan, a ranar zai zama gaskiya, da shaidu fiye da naka uku. In aka yi rashin sa'a hayaniya ta tashi, a hannun jandarma za ka ƙare, ƙyauren kuma ba za ka sake ganinsa ba.

Ka tambaye ni ina iyakar take. Ai ka gan ta da idonka a zauren mai gari. Wanda ya naɗe almanaka ya danne da ƙusa ya san akwai iyaka, kwanakin wata yake so, ba hoton ba. Mutanen da ke sunkuyar da kai a tasha ma sun sani. Allon bakin titi ba a shawarce su ba kafin a ɗaga shi, kuma mai shi ya fi ƙarfinsu, sai suka koyi wucewa. Ƙofar masallaci kuwa tasu ce, da hannunsu suke kama ta, shi ya sa abin da suka daɗe suna haɗiyewa ya fashe a kanka. Fushinsu na gaske ne, wurin sauke shi suka kuskure. Kana da gaskiya cewa wanda ke cin riba da hoton bai kamata muryarsa ta fi ta kowa a taron ba. In mutanen garinku allon Konni na damunsu, su tura dattawa su gaya wa mai kantin a fuskarsa ya nemi wanda sabulu kaɗai ke jiki. Wannan aikinsu ne. Kada ka haɗa shi da naka, naka rumfarka ce da sunanka.

Shaidunka kuma, ka tambaye su kafin ka rubuto sunansu? Tsohuwa mai koko da mai amalanke a garin za su ci gaba da zama bayan an gama da kai. Ladanin da ya mayar da kai ciki ya riga ya ba ka amsarsa. Ka ajiye su sai in babu makawa. Ƙarfen da ke rumfarka ya fi su iya magana, kuma ba mai iya tsorata shi. Ka ci gaba da riƙe shi, kada ka taɓa lakar.

Ga abin da za ka yi. Masallacinku har yau ba ƙyaure, damina ce, awaki na nan. Ka nemi tano ko tsoho ne, ka haɗa sabo, ka bar shi da launin ƙarfensa, ka je ka kafa ba tare da ka jira an ce ka yi ba. Ka gyara indararon ma. Sannan ka sami wani dattijo daga dangin mahaifinka ya raka ka gidan Liman. Ku ɗauki tsohon ƙyauren a naɗe cikin tabarma, a ɗaure da igiya, ƙasansa kaɗai a buɗe. Ku tafi da malamin makarantar da ke ba ka jarida, don a sami wanda zai karanta boko wanda ba kai ba. Ka fara da naka laifin, ka faɗe shi duka. Bayan nan ka miƙa wa Liman buta ya wanke lakar da hannunsa. Tsohon da ya yi shiru a taro yana jan carbi bai yanke hukunci ba tukuna.

Ka roƙe shi ya kira Alhaji su uku da mai gari, a cikin zaure, ba a fili ba. Na san ranka na so a gan shi kamar yadda aka gan ka. Amma dattijon da aka ƙure a gaban jama'a ƙara rantsuwa zai yi. Wanda aka bar wa hanyar fita yana iya cewa ya manta, ya ɗauka tano ne ya bayar. In ya faɗi haka, ka karɓa, kada ka nemi ƙari. Sunanka kake son wankewa, ka samu.

Ranar Juma'ar kuwa ka je. Kada ka ɓuya, kada kuma ka yi dogon jawabi. Ka tsaya ka ce: na san abin da ke ƙarƙashin fentin, na san ba zai riƙe ba, ban gaya wa Liman ba, a kan wannan nake neman gafarar Allah da taku. Tano ban ɗauka ba, izgili ban yi ba. Ka tsaya a nan. In Liman ya ga abin da ke ƙarƙashin lakar, ba kai za ka ƙarasa maganar ba.

Ba zan yi maka alkawarin za a bar maka rumfar ba, ban san mai garinku ba. In duk da haka aka ce ka kwashe, ka kwashe da rana tsaka, kai a sama. Malbaza da Konni ana gina gidaje, kowane gida na son ƙofa, kuma mutumin da ya ƙi yin ƙarya a kan kansa ba ya rasa mai ba shi aiki. Kafin ka yi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka zauna da mahaifiyarka ka gaya mata abin da za ka faɗa kalma da kalma, don kada ta ji shi a bakin rijiya.

Allah ya ba ka sanyin zuciya a ranar, ya sa damina ta yi albarka, ya kuma bar maka inuwar mahaifinka.

Kawu Mutari